Fastocin Da Awakin Kwamba Suka Cinye

A wannan makon Goggona ta cika shekara biyar da rasuwa. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin, yanzu ina aji biyar na sakandare, kuma har yau in aka ce in tashi a gaban aji muryata rawa take yi. Shi ya sa na zaɓi takarda. Da na karanta wa Babana abin da na rubuta, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Aika wa jarida. Kada ki cire wurin da nake." Nan gaba kaɗan za ku gane abin da ya sa na fara neman izininsa.

Goggo yayar Babana ce. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, sannan ta buɗe ɗan kemis a jikin gidanmu a unguwar Kwamba, nan Suleja. Sista kowa yake ce mata, Musulmi da Kirista. Ita kuwa Uwata take ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Idan na dawo makaranta nakan zauna a benci bayan kanta, ba na cewa uffan, sai kallo. A nan na lura mutane ba sa sayen magani yadda likita ya rubuta. An rubuta na kwana biyar, sai ka ji, "Sista, ba ni na yau, gobe Allah na nan." Tana da wani ƙaramin almakashi da take yanka katin ƙwayoyin da shi, kuma duk lokacin da ta yanka sai ta cije leɓenta na ƙasa. Ban taɓa ganin ta yanka ba tare da ta cije ba.

Wata rana Maman Blessing mai tumatir ta zo sayen maganin zazzaɓin ɗanta. Tana laluben canji a lalitarta sai tikitocin haraji suka zubo ƙasa, kore da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, kowanne da hatiminsa, kowanne mutum daban ne ya yanka mata a kan tiren tumatir ɗayan nan. Kuɗin maganin ne bai cika ba. Goggo ta durƙusa ta tsince su, ta sa allura ta shirya su a zare kamar tsakiyar wuya. Wannan zaren da almakashin nan su suka fitar da ita takarar majalisar dokokin jiha. Layi uku ne kawai a ƙarƙashin hotonta: magani daidai aljihu, haraji daidai ƙarfi, baki mai tsabta.

Doka ɗaya ta kafa wa masu manna mata fasta: ba a rufe fuskar kowa. Ta ce fuskar da ke takarda akwai uwar da ta haife ta. Matsalar ita ce jam'iyyarta ƙarama ce, kuma kafin a bugo nata tuni manya sun cika kowane bango daga Kwamba har Bagama. Wurin da ya rage shi ne ƙasa, daidai tsayina. Ga shi da sitacin rogo ake mannawa, wanda Mamana take damawa a bokiti, kuma babu wanda ya tuna cewa akuya ba ta ganin rogo ta wuce. Kafin azahar sai ka tarar an cinye Goggo har kafaɗa, saura fuska da ɗankwali. Masu keke mai ƙafa uku suka sa mata suna 'yar takarar awaki. "Sista, ƙuri'ar awaki kam kin gama da ita!" Sai ta yi dariya ta ce, "Ai sun fi ku, har yau ba su ce in ba su na mai ba."

Mutumin da ke kan kujerar, wanda ake kira Honarabul, yana da motar lasifika. Wata la'asar ta wuce ta gaban kemis, mai magana a ciki yana cewa matar da ba ta taɓa haihuwa ba ina ta san zafin ciwon ɗa. Goggo tana zuba ƙwayoyi a 'yar leda. Hannunta ya tsaya kaɗan, kamar na wadda ta tuna wani abu, sannan ya ci gaba. Babana yana bakin ƙofa yana gyaran wani keke, gyaran keke ne sana'arsa. Na ga ya ɗaura noti ɗaya har sau uku.

Washegari unguwa ta tashi da hayaniya. An shafe fuskar Honarabul da baƙin mai a manyan fastocinsa na bakin mahaɗa. Samarinsa suka taru da gorori, ana cewa mutanen Sista ne, har ana ambaton fetur da kemis. Goggo ta ce za ta je gidan mai unguwa ta rantse a gaban kowa cewa babu hannun mutanenta, domin ta yarda da su kamar yadda ta yarda da tafin hannunta.

Aikina ne wanke bokitin sitaci da burushinsa kowace safiya. Ranar na tarar an riga an wanke burushin. Babu wanda ya taɓa taya ni wannan aikin. Na kai shi hanci, sai warin kananzir, kuma can gindin gashinsa akwai baƙi-baƙin da bai fita ba. A gidanmu mutum ɗaya ne yake wanke abu da kananzir. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ba a ce komai ba game da abin da ke ƙasa, wanda sai gajere ke gani. Na tsaya a tsakar gida da burushi a hannu. In na yi shiru, Goggo za ta rantse a kan ƙarya ba ta sani ba. In na nuna, na tona asirin mahaifina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Tana yafa mayafi na shiga ɗakinta, na ajiye burushin a kan gado kusa da jakarta. Ban ce komai ba.

Ta dube shi, ta dube ni, ta sansana. Sannan ta leƙa ta taga ta ce wa Babana, "Auta, zo."

Babana bai musa ba. Ya ce, "Yaya, a gabana fa suka faɗa miki wannan maganar."

"Na ji, kunnena ƙalau yake. Su bakinsu suka ɓata, kai kuma ka je ka ɓata hannuna. Ɗauko tsani."

Ba gidan mai unguwa ta nufa ba. Ofishin kamfen ɗin Honarabul ta tafi da ƙafarta, ta ratsa ta cikin masu gorori, ta ce daga gidanta aka yi ɓarnar, a ba ta sababbin fastoci ta mayar. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Da rana tsaka, a bakin mahaɗa, Goggo tana shafa sitacin Mamana a bayan hoton abokin hamayyarta tana miƙa wa Babana a kan tsani, shi kuma yana mannawa yana lallashe fuskar da tafin hannu don kada ta yi tattara. Wani mai keke ya yi ihu, "Sista, sauya sheƙa kika yi ne?" Ta ce, "A'a, ɗana, wanki nake yi." Samarin nan suka rasa abin da za su yi da gororinsu. Da tsanin ya ɗan goce, ɗaya daga cikinsu ne ya jefar da tasa gorar ya riƙe shi.

Ba zan ce wannan ya kawo mata ƙuri'a ba. Wasu magoya bayanta sun ce ta zubar musu da mutunci, suka janye. Ta faɗi zaɓe, kuma ba da ƙyar ba. Babana ya yi kwana uku bai dubi inda nake ba, a na huɗu ya fere rake ya ajiye a gefen littafina ya wuce. Goggo kuwa abu ɗaya ta ce mini, ranar da abin ya faru, muna wanke bokiti: "Uwata, yau kin yi magana." Ba a kai shekara biyu ba ciwon da take ɓoye mana ya ɗauke ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Suleja ta yau. Wanda ya karɓi kemis ɗin har yanzu da almakashi yake aiki, sai dai yanzu ba na yau ake saye ba, na safe ake saye a bar na yamma. Lalitar Maman Blessing ba ta rabu da launuka ba. Ina jin wannan ba zai ba Goggo mamaki ba, ta san tsintsiya ɗaya ba ta shara. Abin da zai fi damunta shi ne waya. Yanzu ba a bango ake shafa wa mutum baƙin mai ba. 'Yan ajinmu sukan turo hoton ɗan takara an sa masa kan jaki, kowa ya yi dariya ya tura gaba, kuma babu burushin da za a sansana a gane daga wane gida ne. Idan ya iso wayar Mamana da nake karatu da ita, nakan goge. Ba na yi wa kowa wa'azi, ba zan ma iya ba. Ina dai gogewa.

To me ya rage na Goggo? Ba ta yi doka ko ɗaya ba, babu titi mai sunanta, fastocinta kuwa awaki sun riga tarihi. Zaren tikitocin yana cikin akwatina tare da almakashinta. Na daɗe ina zaton su kaɗai ta bari, sai watan jiya, da aka fara manne-manne saboda zaɓe mai zuwa. Wasu samari suka zo bangon gidanmu da bokitinsu, za su ɗora ɗan takararsu a kan fuskar wani. Babana ya fito daga ƙarƙashin keke, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Samari, ba a rufe fuska a bangon nan."

"Haba Baba, takarda ce fa kawai."

"Na sani. Ni ma na taɓa cewa haka. Ga wuri can ƙasa."

"Ƙasa? Ai akuya za ta cinye!"

Babana ya goge hannunsa a tsumma, ya dubi gindin bangon, daidai inda tsayina yake a da.

"To ta ci mana," ya ce. "Ta ci wadda ta fi naku."