Sifirin da ya ƙi zama

Aikin gwaji wani kamfani ya ba ni, kamfanin da ko ƙofarsa ban taɓa gani ba. Takalma suke sayarwa a intanet. Nawa shi ne in rubuta umarnin da zai sa burawuza, wato manhajar shiga intanet, ta buɗe shafinsu da kanta, ta danna nan ta danna can kamar mai saye, ta tona duk inda ya lalace. In na miƙa kafin la'asar ɗin Alhamis, na samu aiki. In ban miƙa ba, in koma yawon rarraba takardun neman aiki a ofisoshin Minna, yawon da ya riga ya ishe ni.

Ranar Alhamis ɗin babu wuta a unguwarmu Kpakungu, sai na tare a shagon mai cajin waya, kwamfuta a cinya, janareto na ruri a bayana.

Cikin gwaje-gwajen da na rubuta wa shafin, ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. In mai saye ya sa sifiri a adadin takalma, dole maɓallin biya ya ƙi dannuwa. Sai in ba da sifiri, ina ji ina gani burawuza ta rubuta ɗaya, ta biya abinta hankali kwance. Na goge, na sake, na zagi kwamfutar har mai shago ya ce, "Malam, lafiya?" Ba lafiya ba. Tsoro nake ji.

Da na rasa tudun dafawa sai na ɗora laifin a kan shafinsu, na kira shugabar da ke duba aikina.

"Madam, shafinku ne ke da matsala."

"Shafinmu ƙalau yake," in ji ta. "Duba inda ka cike adadi."

Layi ne ɗan mitsitsi a cikin umarnin da na rubuta: adadi ||= 1. A tunanina cewa yake, in ba a ba da adadi ba, a sa ɗaya. Ashe wannan alama halin gwaggona ta Bida gare ta: ko ka ce ka ƙoshi, muddin ta ga kwanonka wayam sai ta zuba maka. A wurinta sifiri da babu duk ɗaya ne. Wadda nake buƙata ita ce ??=, mai zuba wa wanda ba a ba komai ba kaɗai, ta ƙyale sifirina yadda na ajiye shi.

Na gyara, na saki gwaje-gwajen gaba ɗaya. Intanet na jan ƙafa, ni ina roƙon Allah a fili, ban damu da masu karɓar waya da ke kallona ba. Ana cikin haka ladan ya kira sallar la'asar. Sai da aka idar gwajin ƙarshe ya nuna kore, alamar ya yi daidai.

Na tura duk da haka. Amsarta ba ta jima ba: "Yanzu kam daidai ne. Sai dai mun riga mun ɗauki wani."

Na daɗe a kan bencin shagon ina kallon allon. Komai kore, babu kuskure ko ɗaya.