Na Katse Hajiya a Bakin Kogin Kwara

A lokacin ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan, muna zaune a wani ɗan flat, wato sashen gidan bene, a unguwar Abbey Wood ni da 'yata. Ina da gajen haƙuri, kuma ina ji da bokona ba kaɗan ba. Mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Kano ganin likita, ta zauna tare da mu.

Wata rana aka ba 'yata aikin makaranta, ta rubuto manyan abubuwan da suka faru a duniya a shekarar 1851. Muka samo babban baje kolin da aka yi a Landan, da zinaren da aka gano a Ostareliya. Hajiya na gefe tana tsintar shinkafa, ta tambayi wane zamani ke nan. Da na kwatanta mata, sai ta ce ai zamanin kakan kakanta ne, wanda ya bi fatake zuwa Gwanja saro goro. Ta fara ba jikarta labari, yadda ya iso bakin Kwara da jakunansa, ruwa ya cika, masu fito suka ƙi ɗaukarsa. Yarinyar da kullum da Turanci take amsa mana ta ajiye biro, ta tambaya da Hausarta mai tsami me ya faru daga nan.

A nan na sa baki. Na ce wa Hajiya don Allah ta bari, tarihi malamar makarantar take so, ba tatsuniya ba. Ta dube ni, ta ce to, Allah Ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsintarta. Na ɗauka gobe ma rana ce. Kafin wata ya ƙare shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana, ba ta sake furta komai ba har ta rasu. Na buga wa kawunnaina a Kano, babu wanda ya san labarin.

Wallahi abin yana ci mini rai har yau. Tarihin Turawa yana nan a littafi, ko yaushe za a same shi. Namu a bakin tsofaffi yake, ni kuwa na rufe bakin da kaina. 'Yan'uwana mazauna Turai, idan tsoho ya fara labari, ku ajiye komai ku saurara. 'Yata takan tambaye ni ko kakan nan ya haye kogin. Sai in ce mata tunda ga mu, ya haye. Iyakar abin da na sani ke nan.