Awakin da Suka Bi Ni Gudu

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe labarin buhun nan. Har yau in na ga akuya ta tsoma baki cikin kwanon dusa, sai dariya da kunya su taso mini lokaci guda.

A lokacin ban daɗe da haura ashirin ba, ni ne ɗan gaban ƙungiyar ƙwallonmu a Karaye. Ina da gudu, ina da yanka, ina kuma da baki, wanda ya fi sauran biyun kaifi. Sai wani mutumin garinmu da ya daɗe yana horar da 'yan wasa a Kano ya dawo gida, ya gyara wani tsohon sito ya mai da shi gidan motsa jiki. Kayan ciki ba na a zo a gani ba ne: tayoyin tarakta, ƙarafan da aka daskarar wa siminti a baki, kekuna biyu da igiyoyi. Koci muke ce masa. Mutum ne marar hayaniya, kullum da ɗan littafi da agogo a hannu.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, sai mu yi kwana uku ba mu taɓa ƙwallo ba. Yau tsallen igiya kamar 'yan mata a dandali, gobe naushin buhu kamar 'yan dambe, jibi a kai mu bakin dam mu yi iyo. Na taɓa ce masa, "Koci, mu fa 'yan ƙwallo ne, ba masunta ba." Ya ce ƙafa ba ita kaɗai ke buga wasa ba, huhu da ƙugu da baya duk suna ciki. Na ce to, amma a raina na ce mutumin nan Kano ta ɓata shi.

Ana haka ya sanar da mu cewa nan da mako shida za mu kara da 'yan Rogo, kuma wani abokinsa daga wani kulob a Kano zai zo kallo, zai ɗauki mutum ɗaya. Mutum ɗaya tak. Ni kuwa tun ina yaro ba ni da burin da ya wuce wannan, kuma kowa a garin ya san idan ɗaya za a ɗauka, ni ne.

Daga ranar ya ƙaro mana wata sabuwar azaba. Ya ɗinka wa kowa ƙaramin buhu cike da yashi, da lambarsa a jiki. Kowace safiya sai ka saɓa shi a kafaɗa, ka yi gudu daga sito zuwa bakin dam ka dawo, shi kuma yana biye a babur. Kwana uku na yi, na ji kamar an daka ni a turmi. A rana ta huɗu na je na same shi da ladabi, har da rusunawa, na roƙi ya bar ni in riƙa tafiya da buhuna gida don in ƙara atisaye da yamma. Ya dube ni ya ce, "Madalla da ƙoƙari."

Ina isa gida na farke ɗinkin, na zazzage yashin a bayan ɗaki, na shiga rumbun Inna na ɗebi dusar awakinta na ɗura. Na danna ta sosai har buhun ya yi tsaf kamar na kowa, na mayar da ɗinki. Da na ɗaga shi, wallahi kamar matashin kai.

Washegari na zama zakara. Sai in tsuke fuska, in riƙa nishi kamar mai naƙuda, amma ina wuce kowa fiu. Wanda ya fi shan bakina shi ne abokina mai tsaron baya, wani dogo mai shiru-shiru daga Kwanyawa, wanda kullum shi ne na ƙarshe. In na zo wuce shi a hanyar dawowa sai in ce, "Sannu da aiki, Baba tsoho. In aiko maka da jaki ne?" Shi kuwa sai ya gyara buhunsa ya ci gaba da jan ƙafa, gumi na zuba.

Sau uku Koci yana tambayata, "Nauyin ya yi maka daidai kuwa?" Sau uku ina cewa, "Koci, kafaɗata kamar za ta cire." Sai ya gyaɗa kai ya yi rubutu a littafinsa. Ni kuma in juya ina yi masa dariya a ciki.

Abin da ban sani ba, ɓera ya gano buhuna. A mako na biyar, muna cikin gudu ta bayan gari, sai na ji kofato a bayana. Na waiga, akuya ce. Na ƙara wuta, na sake waigawa, sun zama huɗu. Ashe dusa ce ke tsiyaya ta wata 'yar kafa, tana zana layi a ƙasa tun daga ƙofar sito. Kafin mu kai bakin dam garke guda ke bina, har da wani jibgegen bunsuru mai wari da ya ɗauki abin da zafi. Mata masu ɗiban ruwa suka ajiye bokitai suna kallo. Na toshe ramin da yatsa, ina gudu ina korarsu da ƙafa, bunsurun nan kuwa ya miƙe tsaye ya dafa bayana yana fizgar buhu.

'Yan ƙungiya suka zube ƙasa don dariya, amma ba wanda ya gane dalili, don na yi maza na ce gishirin gumina suke bi. Koci ya tsayar da babur, ya dubi awakin, ya dubi layin da ke ƙasa, ya dube ni. Sai kawai ya ce, "Dabbobi na ƙaunarka," ya tada babur. Na ce a raina, na sha. Da yamma na toshe ramin, na ƙara dusa.

Ranar wasa muka cika mota zuwa Rogo. Filin ya cika maƙil, baƙon Kano na zaune a kan benci kusa da Koci. Kafin hutun rabin lokaci na yi abin da na saba, na yanke mutum biyu na jefa ƙwallo a raga, na ruga gaban bencin ina buga ƙirji. Da aka dawo, ba a yi minti goma sha biyar ba na ji ƙafafuna sun fara yi mini gardama. Numfashi ya ƙi isa. 'Yan Rogo suka rama. Abokaina kuwa, waɗanda na yi wata guda ina yi wa tsiya, kamar yanzu aka sako su.

Saura kaɗan a tashi, dogon nan na Kwanyawa ya ƙwace ƙwallo a gidanmu, ya taho da ita tun daga can har ya wuce tsakiya, ya zura mini ita a gaba. Daga ni sai gola. Irin ƙwallon da nake ci ido rufe. Na ce wa ƙafafuna mu je, suka ce ba inda za su. Ina ji ina gani wani mai tsaron bayan Rogo, mai tumbi ma, ya taho daga baya ya wuce ni ya share ta waje. Na durƙusa a wurin ina haki, ban ma iya ɗaga kai ba.

Abokina aka ɗauka. Na yi masa murna da baki, amma ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Kafin mu hau mota Koci ya kira ni gefe ya miƙo mini littafinsa. Gaban sunan kowa akwai mintocin gudunsa na kullum. Gaban nawa kuwa, tun daga rana ta biyar har ƙasan shafi, kalma ɗaya ce yake ta maimaitawa: dusa, dusa, dusa.

Na ce, "Koci, ashe ka sani tun farko? Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Sau uku na buɗe maka ƙofa, kana rufewa da rantsuwa. Mai ɗauke da yashi sawunsa nutsewa yake a ƙasa, naka ko alama babu. Ni ba ni ka cuta ba, ba ni zan buga minti casa'in ba."

Da na koma gida Inna ta tare ni da cewa wata guda ke nan tana zargin awakin maƙwabta da cinye mata dusa. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma daga bakinta labarin ya fita gari. Sunan Dusa ya bi ni har yau, 'ya'yana ma sun san shi.

Abin da na koya shi ne, za ka iya yaudarar mai horar da kai, ka yaudari abokanka, amma jikinka ya san abin da ka ɗora masa, kuma ranar da ka fi bukatarsa shi ke nan abin da zai ba ka. Yanzu ni ke horar da matasa a wannan siton. Kowace safiya, kafin kowa ya saɓa buhunsa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗaga da hannuna.