Saƙon da Ya Tsaya a Ɗakinmu

Babana ya aika a kira ni kafin ya rasu, ba a gaya mini ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, ina karatun sinadaran jiki, shi kuma yana kwance ba lafiya a garinmu Mungadi.

Abokin ɗakina ɗan Jega ne. Kwano ɗaya muke ci, sabulu ɗaya muke wanka da shi. Akwai darasin da ya gagare ni, na yadda saƙo ke tafiya a cikin ƙwayar halitta, kuma shi ya koya mini. Sai ya jera kawunan albasa a kan tabarma. Na farko shi ne mai tsaron ƙofa, wanda saƙo ke taɓawa daga waje. Wannan ya tashi wani furotin da ake kira kainez, kainez ya manna wa na gaba alamar fosfat, na gaban ya farka ya manna wa na gabansa, har magana ta kai tsakiyar ƙwayar, inda ake yanke shawara. Ni ne albasar ƙarshe, wai don na fi kowa nauyin kai. Yakan ɗauke ɗaya daga tsakiya ya ce, "In wanga ya yi shiru, ƙwayar ba ta san ana kiranta ba." Mu yi ta dariya.

Ashe a makon da za mu yi jarrabawa Baba ya gaya wa Inna yana son ganina. Inna ta gaya wa Kawu, ƙanen Baba, dillalin albasa. A wajenmu ba a faɗa wa ɗa irin wannan magana ta waya, sai a sami na kusa da shi ya zaunar da shi. Kawu ya zo kasuwar Aliero ya sami abokina, ya ba shi saƙon, sannan ya ƙara nasa gishirin: a bari in gama jarrabawa tukuna. Abokina ya dawo ɗaki, ya ci tuwo da ni, ya sake jera mini albasa.

Na ci jarrabawar kuwa, na ci ta da kyau. Muna fitowa daga ɗakin jarrabawa abokina ya riƙe hannuna ya ce mu tafi tasha. Tun kafin mu isa Maiyama na gane akwai abin da yake ɓoye mini, don bai taɓa yin shiru haka ba. Mun tarar an shimfiɗa tabarmin gaisuwa a ƙofar gida.

Na ja abokin nawa bayan rumbu. Ya ce, "Mi kaka so in yi? Kawu yac ce in riƙe. Don alherinka munka yi." Kawu ban yi mamakinsa ba, shi ko farashin albasa ba ya faɗinsa kai tsaye. Amma wannan, da bakinsa ya koya mini abin da ke faruwa idan na tsakiya ya yi shiru. Ya ci amanata, har yau haka nake kiran abin, ko da mutane suna cewa ya yi hankali.

Inna ba ta san an riƙe saƙon ba, Baba ma haka. Da ta gan ni ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk babur ɗin da ya wuce sai Baba ya ɗaga kai. Daga baya ya daina, ya ce mata, "Ƙyale shi, karatu ya riƙe shi."