Shekarar da Hangum Ya Kama Maigidana

Mijina ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Tun muna yara muke tsokanar juna, kuma aure bai raba mu da wannan hali ba, sai dai ya sa na daina kiran sunansa na koma ce masa Malam. Shi ya sa nake da bakin ba da wannan labari.

A shekarar da aka kai ni ɗakinsa, bayan an gama cirar gyaɗa, hangum ya shigo ƙauyenmu da ke gefen Tofa, ya bi yara gida-gida. Duk lungun da ka leƙa sai ka ga yaro zaune kumatu suntum, an ɗiɗɗiga masa toka kamar zabo. Manya ba su ɗauki abin da zafi ba, don ciwo ne da ake cewa kowane yaro sai ya yi shi ya wuce wurin. Malam kuwa abin nema ya samu. In ya dawo daga gona sai ya tare 'ya'yan yayansa a zaure.

"Kai, fito da ƙosan da ka ɓoye a baki mu raba!"

Yaran su so yin dariya, ciwo ya hana su. Gwaggo, mahaifiyarsa, takan leƙo ta ce, "Ka kiyayi kanka. Kai ba ka yi shi kana yaro ba, na fi kowa sani."

"Haba Inna, ina hangum zai sami wurin zama a fuskar mai gemu?"

Ya kuwa samu. Wata safiya na kai masa kunun tsamiya, ya kurɓa ya dafe muƙamuƙi ya runtse ido. Kafin azahar gefen fuskarsa ya tashi, washegari ɗaya gefen ya bi sahu. Gwaggo ta zaunar da shi a tabarma a tsakar gida, ta ɗiga masa toka har cikin gemun. Na durƙusa da ladabi na ce ko zai sam mini ƙosan. Ya harare ni, amma bakin ramawa ya ƙi buɗuwa.

Aka ce ya kwanta ya huta, ya ƙi. Yana da renon tumatir a Watari, inda yake noman rani, ya ce in bai je ba zai bushe. Ya naɗe fuska da rawani, ya hau babur da zazzaɓinsa ya tafi. Da ya dawo bayan 'yan kwanaki kumatun sun fara saɓewa, amma tafiyarsa ta canza. Ya sauko daga babur a hankali, ya shigo gida ƙafafu a tale, jikinsa zafi rau.

"Malam, lafiya?"

"Ƙafa ce. Na gurɗe."

"Duka biyun?"

Ya cire wando ya ɗaura zane, ya kwanta rigingine yana nishi. Sai da la'asar, da ya ga ba ni da niyyar barin bakin gadon, ya juya fuska bango ya ce, "Abin nan ne ya sauko ƙasa." Ku gafarce ni, ɗaya daga cikin marainansa ne ya kumbura, ko zanen ba ya so ya taɓa wurin. Na ce mu je asibiti. Ya ce ya je ya ce wa wa, ya nuna me? Aka sayo masa maganin zazzaɓi a kemis, na riƙa sa masa tsumma mai sanyi. Duk mai zuwa dubiya ƙafa ake ce masa, har wani dattijo ya kawo man zafi ya nemi ya murza masa idon sawu. Malam ya miƙa ƙafar lafiyayya aka murza.

Ya warke ya koma gonarsa. Gefen da ya kumbura daga baya ya ɗan motse, amma tun da ba ya ciwo muka manta da zancen.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Waɗanda aka yi mana biki tare suka yaye, wasu har sun sake goyo, ni shiru. A ƙauye kuwa in haihuwa ta yi jinkiri mace ake kallo. Ba wanda ya faɗa mini magana marar daɗi a gidan, don Gwaggo ba za ta bari ba, 'yar ƙanenta ce ni. Sai ta mai da damuwarta kan tukunya. Duk saiwar da aka ce mata tana da kyau sai ta samo, ta jiƙa ko ta dafa, ta tsaya a kaina har in shanye. Na sha mai ɗaci, na sha mai bauri, na sha wanda ko akuya ta sansana sai ta ja da baya.

Da na je asibiti aka duba ni, ma'aikaciyar ta ce ba ta ga matsala a wurina ba, in zo da maigida. Na isar da saƙo. Malam ya ce, "Ni? Mutumin da ke saɓa buhun taki shi kaɗai?"

Ban yi musu ba. Ran da Gwaggo ta kawo wani sabon jiƙo baƙi ƙirin, na raba shi a ƙoƙo biyu na kai masa ɗaya.

"Tun da ɗan na mu biyu ne, maganin ma mu raba."

Ya karɓa da fara'a don ya nuna mini jarumta. Ya kurɓa, ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya daɗe yana kallon ƙoƙon.

"Irin wannan kike sha duk shekarun nan?"

"Wannan ai mai sauƙin ne."

Ya ɗauki ƙoƙunan biyu ya zubar a bayan ɗaki. Ya ce in shirya, gobe za mu birni.

A babban asibiti aka ba shi wata 'yar kwalba aka yi masa bayanin abin da ake so ya kawo a ciki. Ya jefa kwalbar a aljihu yana waige-waige, sai ka ce ya ɗauko abin wani. Da sakamako ya fito muka zauna gaban likita, wani mai furfura da ba ya gaggawar magana. Ya tambayi Malam ko ya taɓa yin wani ciwo ko buguwa a gabansa.

"Ko kaɗan," in ji Malam.

Na ce, "Likita, hangum yana cikin lissafi?"

Likitan ya ajiye biro ya ce in ba shi labari. Na ba shi, Malam yana kallon silin. Da na gama ya ce hangum ga yaro yawanci a kumatu yake tsayawa, amma in ya kama wanda ya balaga yakan sauka ga maraina ya kumbura su, wani lokaci ya bar rauni a inda ake yin ƙwayoyin haihuwa. Ya ce na Malam gefe ɗaya ya taɓa, ɗayan yana aiki, sai dai ƙwayoyin sun yi ƙaranci.

"Ba babu ba ne, Malam, kaɗan ne. Ba ni da maganin da zai mai da abin da ya lalace, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Amma masu irin naka da yawa sun haihu, sai dai a jima. Ita kuma a bar ta ta huta da shan saiwoyi."

Muka hau mota muka juyo gida. Sai da muka sauka a bakin titi muka kama hanyar ƙauye, dawa ta rufe mu hagu da dama, sannan ya tsaya.

"Kin ji dai da kunnenki. Idan kina so in sauwaƙe miki ki je inda za ki samu, ba zan riƙe ki ba. Ba zan kuma ga laifinki ba."

Na san in na biye masa kuka za mu yi a tsakiyar hanya. Na ce, "In tafi in bar wa wa tsokanarka? Wuce mu je, rana na faɗuwa."

Shi da kansa ya gaya wa Gwaggo, ban sa shi ba. Ta saki baki ta ce, "Hangum ai na kumatu ne! Me ya kai shi can?" Sai ta jawo hannuna ta riƙe, ta ce in yafe mata. Washegari da sassafe na ji ta tana wanke tukunyar jiƙo. Ashe sabon mai sha ta samu. Malam ya ce likita ya hana, ta ce ni aka hana wa, ba shi ba.

Mun ƙara jira mai tsawo, har mun daina duba wata. Ya ɗauko 'yar ƙaninsa muka riƙe, gidan ya yi armashi. Ana nan wata kaka na fara jin ƙamshin daddawa yana tayar mini da zuciya. Gwaggo ce ta fara ganewa, ta hana ni ko ɗaga tulu.

Mace na haifa, a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, kuma ita kaɗai Allah Ya ba mu. Ranar sallama Malam ya zo da babur ya wanke shi fes. Gwaggo ta karɓi jaririyar ta lulluɓe ta, ta hau baya. Ya tayar a hankali yana kauce wa kowane rami, yana waiwaye yana tambaya ko iska ba ta taɓa ta ba. Ina tsaye a bakin ƙofar asibitin da ƙunshin kaya a hannu, ina kallonsu har suka sha kwana. An ce sai da suka isa ƙofar gida matan unguwa suka tambaye shi ina mai jego.