Turmin Inna da Kwalbar Malam

Shekarun baya, lokacin da nake binciken digirina na biyu a fannin sinadarai, malamina ya dawo daga tafiya da wata 'yar kwalba. A ciki akwai wani irin gishiri da ba ya daskarewa, yana nan ruwa-ruwa kamar man gyaɗa. Aikinsa shi ne ya narkar da kara, a samu hanyar fitar da sukarin ciki, a mayar da shi man da inji zai sha. Da zai miƙo mini sai ya ce, "Ita kaɗai gare mu, in ta lalace aikinka ya tsaya. Kuma bai shiri da ruwa." Na ce na ji. A lokacin gani nake duk unguwarmu Ƙofar Marusa babu mai kai irin nawa.

Kawuna ya aiko mini da damin karan dawa daga Batagarawa. Injin niƙanmu na makaranta ya lalace, sai na kai wa mahaifiyata ta daka mini. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mun kai ka boko, ashe dakan kara za ka kawo muna?" Amma ta daka, ta tankaɗe, ya yi lukui.

Don zumuɗi na juye kwalbar gaba ɗaya a kan garin, na ɗora a wuta. Awa uku ina juyawa, ko gezau. Garin ya ƙi narkewa.

Da na koma gida na ce, "Inna, kin sa wani abu a garin nan?"

"Mi zan sa? Ruwa kawai na yayyahwa, kamar surhe. Wa ke daka busasshen kara ƙura ta shaƙe shi?"

Na zauna daɓas a bakin rijiya. Laifina ne, ban faɗa mata ba, ban kuma shanya garin ba. Na yi mata bayanin cewa ruwa ne ya ɓata gishirin.

Ta dube ni. "Ba gishiri ka ce ba? Gishiri ai bai mutuwa. Ni in na tace ruwan toka, bisa wuta nike aza shi, ruwan ya ƙahe, gishirin ya zamna. Tai ka tace naka, ka daina yi mani zaman makoki."

Haka na yi. Na tace, na sa shi a tanda mai zuƙe iska kwana biyu, garin ma na busar da shi ƙayau. Da na sake haɗawa, ina kallo garin ya ɓace, abin ya yi kauri kamar zuma. Ihun da na yi sai da malamina ya leƙo. Da ya ji labari ya ce, "Wannan dabarar tana shafi na biyu na takardar da na ba ka. Ka karanta kuwa?" Na shiga sosa ƙeya.

Bayan makonni na kawo wa Inna man da na samu, bai fi cokali ba. Na kunna a murfin kwano, shuɗiyar wuta ta tashi babu hayaƙi. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo.

Duk lokacin da na tuna sai na ji daɗi ya cika ni. Na tafi neman ilimi a takardun Turawa, ashe rabinsa yana madafin gidanmu. Har yau in baƙi suka zo, takan nuna ni ta ce, "Ga wanda munka yi digiri tare." Ban taɓa musa mata ba.