Gorar Ruwan Rijiya

A hutun ƙarshen aji biyar, makarantarmu ta tura mu, mu huɗu, sashen kula da muhalli na ƙaramar hukuma, wai mu ga yadda ake sauraron jama'a. Ni aka ba shiga gidaje a unguwar da ke bayan kamfanonin fata na Challawa, domin ma'aikatan duk maza ne, iyakarsu zaure. Aka ba ni takarda mai tambayoyi, kowace amsarta e ko a'a.

A gida na uku na tarar da wata tsohuwa tana yi wa jikarta wanka. Ƙafafun yarinyar duk ƙuraje, ta sosa har sun yi fari. Na gaishe ta, na karanto tambayar: "Kuna da ruwan sha?"

"Muna da shi mana. Zo ki gani, 'yar boko."

Ta zura guga a rijiya ta janyo. Ruwan ja-ja kamar shayin da aka yi wa rowar madara, ga warin jiƙaƙƙiyar fata. Ta ɗura a gorar lemo, ta murɗa murfin da ƙarfi.

"Takardarki ba ta da hanci. Kai musu wannan. In sun gani za su haƙa mana burtsatse, ko?"

Na ce, "E, Inna."

Da na kai gorar ofis, shugaban sashen ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce in ajiye a kan taga, babban jami'i zai zo ranar Laraba. Sai bayan mako biyu ya zo. Kullum ina kallon gorar. Launin yana sauka a hankali, har ya kwanta a gindi, bai fi kaurin farce ba, saman kuwa garau.

Ranar da ya zo, shugaban sashen ya tafi ta'aziyya Na'ibawa. Jami'in yana sauri, direbansa ko motar bai kashe ba. Ya ɗaga gorar wajen haske, bai buɗe ba.

"Wannan ne ruwan da ake ta kuka a kai? Ai ya fi na gidana."

Aka yi dariya. Ina raɓe jikin ƙofa, taku uku tsakaninmu. Girgiza kawai gorar take buƙata, na sani. Amma ɗakin cike yake da manya, kuma ban taɓa karɓar abu daga hannun babba ba sai ya miƙo mini. Ya ajiye ya fita.

Aka saka unguwar cikin waɗanda ba su da matsalar ruwa. Ni aka ba in kwafe jerin, wai rubutuna ya fi kyau.

Saura kwana biyu mu koma makaranta muka haɗu da tsohuwar a bakin layinsu, za ta kai yarinyar kemis.

"Sun gani?"

"Sun gani, Inna."

"To alhamdu lillahi."

Ta riƙo hannuna, ta ja ni ta nuna mini filin da maƙwabta suka riga suka share saboda motar haƙa. Har da duwatsu sun jera a gefe, kada kowa ya zuba shara.